Baranda hawa uku a gidanmu na Jos

Filinmu a Rayfield gangare ne, ga ƙaton dutse a tsakiya. Wasu magina sun ce a fasa shi a cike wurin. Injiniyan da muka ɗauka ya ce a bar shi, ya zana baranda hawa uku kewaye da dutsen: ta sama ta katako a ƙofar falo, ta tsakiya mai daɓen dutse, ta ƙasa wurin gashin nama.

Yadda ya yi da ruwa ne ya fi burge ni, domin ruwan Agusta a Jos ba wasa ba ne. Ya zuba tsakuwa a bayan katangar da ke tare ƙasa, ya saka ƙananan bututai a jikinta, ruwa na tsiyayewa maimakon ya taru ya ture bulo. Ginshiƙan katakon kuma kan ƙarfe ya ɗora su, saboda gara.

Sai dai matakalar ƙasa ta cika tsayi, mahaifiyata sai an riƙe ta, kuma wannan yana damuna sosai. Iskar hunturu ma bai yi lissafinta ba. A Disamba barandar sama ba ta zaunuwa da safe. Aikinsa da tsada, amma zan sake kiransa.