Wane taki ya dace da lambu a Legas: na buhu, na tifa, ko wanda ka haɗa da hannunka?

Wani ƙanena ya samu aikin kula da lambu a wani gida a Lekki, sai ya bugo mini waya: "Yaya, Hajiya ta ce in nemo taki, wanne zan saya?" Amsar da na ba shi ce zan faɗaɗa a nan, domin muna da yawa a wannan sana'a, daga Ikoyi har Ikeja, kuma yawancinmu da ilimin gonar Arewa muka zo, alhali ƙasar nan daban take. A Lekki da Ajah rairayi ne, ruwa na wuce shi kamar an zuba a rariya. Ga damina mai tsawo da ke wanke duk abin da ka zuba tun daga Afrilu har Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba.

Takin zamani, wato NPK 15-15-15 da ire-irensa, zai sa ciyawa ta yi shar cikin 'yan kwanaki, maigida ya yaba maka. Amma ba ya ƙara wa rairayi jiki, ruwan sama biyu ya tafi da shi kwalbati. Magani ne na gaggawa, ba abinci ba.

Kashin kaji yana da ƙarfi, kuma ana samunsa a gonakin kaji na wajen Ikorodu da Epe. Ɗanyensa yana ƙona saiwa, ga wari, ga ƙudaje. A rukunin gidajen da maƙwabci ke shaƙar iskar lambunka, ƙara za a kai ka. Kashin shanu na mayankar Oko-Oba da ke Agege ya fi shi sanyi, sai dai yakan zo da irin ciyawa. Garin katako da ake samu a wurin masu yankan katako kuwa shimfiɗa ne a saman ƙasa don riƙe laima. Ka cakuɗa shi da ƙasa, ganye ya koma rawaya, saboda wajen ruɓewa yana janye sinadarin da shuka ke ci.

Ni zaɓina shi ne takin da ake haɗawa a cikin gidan, da sharar gidan. Ka duba abin da kake tarawa kowace Asabar: ciyawar da inji ya yanke, busasshen ganyen mangwaro, askin shinge, ɓawon doya da na ayaba daga kicin. Duk wannan ake ɗurawa a leda, a jira motar shara ta kwashe zuwa juji irin na Olusosun da ke Ojota, sannan a ba ka kuɗi ka je ka sayo taki. Abin yana ci mini rai, domin abincin lambun ne ake zubarwa.

Kada ka haƙa rami kamar yadda muke yi a gida. Ruwa a wurare da yawa a Legas yana kusa da saman ƙasa, ramin zai cika, takin ya koma taɓo mai ɗoyi. Nemi shuɗin durom na roba wanda ba a taɓa zuba wani mugun sinadari a ciki ba, ka huda shi ta gefe da ƙasa, ka ɗora kan bulo. In gidan da fili, haɗa tsofaffin katakan dakon kaya guda huɗu su zama akwati a bayan gida, ka yi masa rufi da tsohon kwano. Wajen zuba sharar, kashi biyu zuwa uku na busasshe, kashi ɗaya na ɗanye. Ciyawar inji ita kaɗai dunƙulewa take yi ta yi yauƙi, shi ya sa dole a ratsa ta da busasshen ganye ko yagaggen kwali. A nan ne kashin kajin ke da amfani: shebur ɗaya ko biyu a tsakani yana tayar da zafi. Laimar takin da kake haɗawa ta zama kamar tsumman da aka matse. Ka juya shi duk mako. In ka soka ƙarfe a tsakiya ka zaro ka ji ya yi zafi, aiki na tafiya, kuma wannan zafin ne ke kashe yawancin irin ciyawa. Da ɗumin Legas, wata biyu zuwa uku ya nuna: baƙi, mai laushi, da ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa.

Nama, kifi, miya da mai kada su shiga, sai dai in kana son gayyatar ɓeraye. Saiwar kiri-kiri da aya-aya ma a ware, ba sa mutuwa da sauƙi. In ɗanyen kaya ya yi maka kaɗan, 'yan'uwanmu na kasuwar Mile 12 kullum suna da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji da suke neman mai ɗauka. Aibin takin gida ɗaya ne: yana son haƙuri, kuma wanda aka ba kwangilar shimfiɗa sabuwar ciyawa a mako guda ba zai iya jira ba.

Irin wannan gaggawar ce ta jefa ni hannun masu sayar da baƙar ƙasa a tifa, kuma a nan nake so kowa ya buɗe kunne. Na taɓa sayen tifa guda don wani aiki, aka juye da yamma, na ga baƙi ƙirin na biya. Da safe na sa hannu, kwalba ta yanke ni a tafin hannu, har yau tabon na nan. Da muka tankaɗe, ga fasassun kwalabe, ga ledar ruwa, ga tsofaffin batura, har da allurar asibiti. Ƙasar bola ce aka kwaso. Gidan kuwa akwai yara ƙanana, kuma uwargidan so take a shuka mata alayyafo da ugu, wani ganyen miya na mutanen Kudu. Tsohon batir yana sakin guba a ƙasa, ganyen miya kuma yana iya ɗauka. Da kuɗina na kwashe ta, na kuma rasa aikin.

Don haka baƙi ba shaida ba ne. Wasu laka suke yashewa daga magudanar ruwa, su shanya, su cusa a buhu. Wasu jar ƙasa ce suke turbuɗa wa garin gawayi ko toka. Wasu kuma su sa mai kyau a saman tifa, tarkacen yana ƙasa. Kada ka yarda a juye maka da dare, kada ka biya kafin ka gani. Ka hau motar da kanka, sa safar hannu, soka shebur har ƙasa a wuri uku. Ka shinshina: warin masai ko na ruɓaɓɓen ƙwai, a mayar. Ka ɗiba ka zuba a bokitin ruwa ka motsa. Gawayi da leda za su taso, ƙyallin mai zai bayyana a sama, kwalba da yashi su kwanta a gindi.

Takin buhu da masu furanni ke sayarwa a bakin titi ma sai an lura. Akwai masu gaskiya a cikinsu, da yawa ma. Amma in ka taɓa buhu ka ji ɗumi, bai gama nuna ba, zai ci gaba da dahuwa a gindin shukarka. Sayi buhu ɗaya tukuna, cika gwangwani biyu, ɗaya da takin, ɗaya da ƙasar da ka amince da ita, ka shuka wake goma-goma. Cikin mako guda za ka gani: in na gwangwanin takin sun ƙi fitowa, ko sun fito a murɗe da bakin ganye a ƙone, kada ka koma wurin mutumin ko da ya rage maka rabin kuɗi.