Ƙuri'ar sirri ta Telegram: wata takwas ina amfani da ita a ƙungiyarmu

Ranar da ƙungiyarmu ta zauna kan ko za ta fito fili ta mara wa wani ɗan takarar majalisa baya, shugaba ya ce duk wanda ya amince ya ɗaga hannu. Ni ce sakatariya, ina gefensa da littafin taro, don haka a kan idona aka yi komai. Wani dattijo a sahu na biyu ya ɗaga hannu rabi, ya waiwaya dama da hagu, sannan ya ƙarasa. Wata ƙawata kuwa sai da ta ga hannun ogarta ta wurin aiki ya tashi kafin nata ya bi. Na rubuta "an amince baki ɗaya", amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Da daddare na roƙi shugaba ya bari a maimaita tambayar a zaurenmu na Telegram, ya kuma yarda, Allah ya saka masa. Haɗa ƙuri'ar bai ci minti biyu ba: ka rubuta tambaya, ka jera amsoshi, ka bar maɓallin ɓoye suna a kunne. Ko ni da na haɗa ta ban ga wanda ya zaɓi me ba, adadi da kaso kawai nake gani. Kafin asuba waɗanda suka ce ƙungiya ta tsaya 'yar ba-ruwanmu sun rinjaya. Mutanen nan dai su ne suka ɗaga hannu da rana.

Wannan ɓoye sunan shi ne ya saye ni, domin kunya da tsoron na sama suna danne ra'ayi fiye da yadda muke zato. Ba banza ba Ostireliya ta fara zaɓe a asirce a 1856, Birtaniya ta bi sahu da dokarta ta 1872, lokacin da masu gonaki da masu masana'antu ke tsayawa suna jin wanda ɗan haya ko ma'aikacinsu ya ambata. A 1974 Bajamushiya mai binciken ra'ayin jama'a, Elisabeth Noelle-Neumann, ta bayyana yadda mutum ke kame bakinsa idan ya zaci ra'ayinsa na 'yan tsiraru ne, shirunsa kuma ya ƙara sa wasu yin shiru. Abin da na gani a sahu na biyu ke nan.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suka yi min. Mutum na iya janye ƙuri'arsa ya sake tunani muddin ba a rufe ba, kuma ana iya ba da damar zaɓar amsa fiye da ɗaya. Sai dai ba ta jera zaɓi daga na fari zuwa na ƙarshe, irin yadda ake yi a zaɓen Ireland, don haka idan 'yan takara sun kai huɗu nakan yi zagaye biyu. Nakan kuma tantance sunayen 'yan zaure kafin na buɗe, saboda mai layin waya biyu zai iya jefa ƙuri'a sau biyu.

Abin da nake ja wa mutane kunne a kai shi ne su daina ɗaukar sakamakon zaure su ce ga muryar jama'a. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai lashe zaɓen shugaban ƙasa, sai abokin takararsa Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Waɗanda suka amsa mata ba su wakilci masu zaɓe ba. Mu ma muna da dattawa uku da ba sa riƙe babbar waya. Su nakan kai wa takarda da ambulan, su rubuta, su liƙe, a buɗe a gaban kowa a haɗa da na Telegram kafin a faɗi sakamako.