Motar Alhaji, direban Alhaji, da kayan kiɗanmu

Mu ƙaramar ƙungiyar kiɗa ce a nan Tawa: jita biyu, bas, piyano, kalangu, ganguna, da ƴan mata biyu masu amshi. Ni ke kaɗa bas, ni kuma aka ɗora wa riƙon kuɗi, don haka duk rigimar mota a kaina take ƙarewa. Abokan sana'a sun dame ni a WhatsApp da tambayar motar da muka yi yawon bukukuwan bayan kaka da ita, ko ta ci kuɗinta. To ga amsa gaba ɗaya. Ba zan kama sunan mai motar ba, domin akwai abin yabo akwai na kushe, kuma gari ɗaya muke kwana.

Farar Hiace ce mai shan gazuwal, irin wadda ake jera mutum 19 a tasha. Ta kwana biyu a duniya. Ba ta da na'urar sanyi, gilashin baya na hagu ba ya zugewa, ƙofar gefe kuma sai an ɗaga ta da kafaɗa kafin ta rufu. Amma injinta lafiyayye ne, tayoyinta huɗu sababbi, akwai safaya biyu a sama. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Keita ko Buza ya san safaya ɗaya ba ta isa.

Wani zai ce me ya hana ku shiga bas, ga kamfanoni birjik suna tashi Yamai tun asuba? Kuɗin kujera a bas ya fi sauƙi, ba musu. Sai dai kowane bafil, wato babbar lasifika, kuɗinsa daban, akwatin ganguna daban, gurup ɗin wuta kuwa sai an yi ta roƙo. Bas ba ta sauka daga kwalta, mu kuwa rabin bukukuwanmu a ƙauyukan Adar suke, inda ƴan ci-rani suka dawo daga Abijan ko Libiya da kuɗin aure. Biki ya watse ƙarfe ɗaya na dare, kana tsaye a filin gari da kayan da suka fi ka tsada, wace bas za ka jira?

Mun yi ciniki da Alhaji a kan jika 35 kowace rana, mai namu, kuɗin peyaji namu, abincin direba da na yaron mota namu. Na nace sai mai gazuwal saboda wanda ya ga layin esansi a watan Maris na 2025 ba ya son ya sake gani. Litar gazuwal sefa 618 muka riƙa saye, farashin da aka saukar daga 668 a watan Yulin 2024. Da kayanmu motar tana shan kamar lita 12 a kilomita 100. Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, ka ga zuwa kaɗai ya haura jika 40 na mai. Ku yi wannan lissafin tun kafin ku karɓi kafin alkalamin biki, kada ku je ku yi wa gidan mai kiɗa.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne direban. Dattijo ne mai furfura, ya yi shekaru yana jan kamyo a hanyar Agadas da Arlit kafin ƙugunsa ya hana shi. Baba muke ce masa, shi kuma ya ce mana samari, ƴan matan ya ce musu ɗiyana. Ranar lodi na farko na zo da tsarina a kai, ya tsaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Samari, ku kun san kiɗa, ni na san rami. Ku bar mini kayan." Ya sa yaronsa ya kwance kujerar baya ta ƙarshe. Ya shimfiɗa tsohuwar katifa, ya kwantar da manyan bafil biyu fuska da fuska don kada wani ƙarfe ya huda su, ya cusa jakunkunan tufafinmu a tsakani har ba abin da ke motsi. Amfuli da tebur ɗin haɗa sauti ya naɗe su da bargo ya sa a bayan kujerarsa, nesa da ƙofar baya inda ƙura ke shigowa. Gurup ya ce sai an tsiyaye mansa tas kafin ya hau sama, ya ɗaure shi can gaba ya rufe da tamfol. Da mai kalangunmu ya miƙa kalangu sama, Baba ya dawo masa da shi, ya ce fata ba ta yini a rana, a riƙe shi a cinya. Ban san inda ya koyi wannan ba, kuma gaskiyarsa ce: zafi yana ɗaure fatar kalangu har ta kusa tsagewa, sanyin dare ya sake ta, sai ka je wurin biki murya ta sauya. Duk yawon nan ba a fasa mana ko maɓallin piyano ɗaya ba. A baya mun sha hayar mota mu iso da lasifika tana kukan kwaɗo.

Tuƙinsa mai sanyi ne, wani lokaci har ya ba ka haushi. Daga Tawa zuwa Badagishiri, mu gangara Tsarnawa inda hanyarmu ke haɗuwa da babbar hanya mai lamba 1, bai taɓa wuce 80 ba ko da kwalta ta yi kyau. Ya san inda ramuka suke tun kafin su bayyana, ya san garin da yara ke tsallaka titi da jakuna, ya san wurin da manyan motocin siminti na Malbaza ke fitowa ba sigina. A shingen jandarma shi ke fara sauka da takardun mota a cikin leda, komai cikakke, mu kuma ya riga ya ce kowa ya fito da katin shaidarsa ya riƙe a hannu. In aka tambayi abin da ke cikin akwatunan, sai ya buɗe na jita da kansa ya ce, "Ranka ya daɗe, makaɗa ne, biki za su." Ba a taɓa sa mu sauke lodi ba.

Yana da doka guda da ba ta lanƙwasuwa, ba ya tuƙi bayan magariba a wajen gari. Wannan doka ta ci mana kuɗi. Mun gama wasa a Madawa da la'asar sakaliya, ga wani biki yana jiranmu a Ƙwanni da dare, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Na lallashe shi, na ƙara masa jika biyar, mai jitarmu har ya ɗaga murya. Baba ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin mota ya ce, "Ɗana, motar Alhaji ce, rayukan kuma na iyayenku ne. Ba ko ɗaya da yake nawa da zan yi caca da shi." Muka kwana Madawa, muka mayar da kafin alkalamin mutanen Ƙwanni ta kamfanin aika kuɗi na Nita, da ban haƙuri mai yawa. A daren na yi fushi ƙwarai. Har yau ina ganin da ya faɗa mana wannan sharaɗi tun a Tawa, da mun tsara ranakunmu daban, kuma laifin rashin faɗar na Alhaji ne da ya karɓi kuɗinmu yana sane da cewa aikin makaɗa na dare ne. Ita dokar kanta ba ni da ja a kanta. Kamyo marasa fitilar baya da ake bari a tsakiyar titi, amalanken shanu, ga halin tsaro da kowa ya sani, sun isa hujja. Abin da za ku yi shi ne ku ɗauka cewa inda kuka yi wasa nan za ku kwana, ku sa masaukin cikin cinikin bikin.

Da asuba shi ke tada kowa salla, ko da ƙarfe uku muka kwanta. Ba ya son kiɗa, ban taɓa ganin ya matso filin wasa ba, amma bai taɓa yi mana wa'azi ba. Yana zaune jikin motar da butar shayinsa yana gadin sauran kaya har mu gama. Ƴan matanmu kuwa kujerar bayansa ya ware musu, kuma a Dogon Dutsi da wasu samari suka biyo su har bakin mota, kallo ɗaya ya yi musu suka juya.

Mota ta tsaya mana sau ɗaya, tsakanin Dogon Dutsi da Doso, fambel ya tsinke. Yana da wani a ƙarƙashin kujera. Kafin shayi ya tafasa sau biyu sun ɗaura shi da yaronsa.

Yanzu ga inda Alhaji ya ɓata mini rai. A hanyarmu ta dawowa daga Madawa, da muka iso Galmi, sai Baba ya faka a bakin titi inda ake jibge albasa, yana ta kauda kai. Ashe Alhaji ya kira shi ya ce a ɗora masa buhu shida a kai Yamai. Motar da muka biya kuɗinta ta yini cur! Na kira Alhaji, ya ce, "Haba ɗana, saman mota ai iska ce kawai ke hawa." Ba iska ce kawai ba. Nauyin ya ƙara shan mai, kuma man namu ne. Buhu biyu ba su samu wuri a sama ba aka tura su ciki kusa da jakunkuna. Albasar Galmi ba a banza ta yi suna har ƙasashen gaɓar teku ba, ƙarfinta ya kama ankon ƴan matanmu, sai da muka nemi mai wanki da guga a Doso, shi ma daga aljihunmu. Na san direba ba shi da ta cewa a gaban mai mota, shi ya sa ban yi masa faɗa ba. Amma wanda ya ba da hayar mota ya ba da ita duka, har samanta.

Sai lissafin kwanaki. Ni a wurina rana tana farawa daga lokacin da aka yi lodi. A wurin Alhaji kuwa, in mota ta fita daga gidansa da la'asar don a yi lodi a kwana a tashi da asuba, wannan yammacin rana guda ce cikakkiya. Ranar da muka huta a Yamai mota ba ta motsa ba, ita ma kuɗinta cif. Ban ce bai da hujja ba, motarsa ba ta tasha tana nema. Sai dai da baki muka yi ciniki, kowa da abin da ya fahimta, muka ƙare da raba bambancin biyu a gaban wani dattijon unguwa. Ku rubuta a takarda: ƙarfe nawa rana ke farawa, nawa ne ranar hutu, wa ke biyan gyara in abu babba ya lalace, da cewa ba a ɗora kayan kowa.

A cikin Yamai Baba ba shi ne Baban hanya ba. Cunkoso yana rikita shi, ƴan kabu-kabu suna sa shi salati, kuma Yamai ɗin da ya sani ta da ce. Bikinmu a Harobanda yake, hayin kogi. Shi gadar Kennedy kaɗai ya yarda da ita, wadda ke nan tun 1970, duk da akwai ta biyu tun 2011 da ta uku tun 2021. Muka shiga cunkoson yamma a bakin gadar, muka isa ana jiranmu, muka haɗa kaya a gurguje ba gwajin sauti. In za ku shiga Yamai da shi, ku sa wanda ya san gari a kujerar gaba, kuma ku tashi da wuri. Kwana kuwa ya ce shi a wajen tashar Wadata zai yi cikin ƴan uwansa direbobi, ya ƙi ɗakin da muka kama masa, ya ce a ba shi kuɗin ya sai wa jikokinsa kilishi.

Zama a ciki ba daɗi, kada in ruɗe ku. Kujerun sun lotsa har kana jin ƙarfe, kuma da yake an cire ta baya, mutum takwas da direba da yaro da kalangu da jita a cinya, gwiwa tana gugar gwiwa. Lokacin hunturu muka yi tafiyar, ƙura ce damuwarmu, kowa da rawani ko ƙyalle a hanci saboda murya. A watan Afrilu ko Mayu ba zan shiga motar nan zuwa Yamai da rana tsaka ba ko kyauta ce. Wurin cajin waya ɗaya ne tak, kuma a kansa aka yi faɗan da ya fi kowane zafi a tafiyar.

Ga ƙungiya mai mutum bakwai zuwa tara da kayan sauti matsakaita, mai yawo tsakanin Tawa, Ƙwanni, Madawa da ƙauyukan Adar, hayar ta yi, in dai da wannan direban ne. Alhaji yana da wata Hiace da wani yaro ke ja, na gan shi yana fita daga tasha kamar an koro shi, ba zan ɗora bafil ɗina a bayansa ba. In wasa ɗaya ne tak a Yamai ku dawo, bas ta fi muku sauƙi, ku yi hayar kayan sauti a can. Mun sake neman motar don bukukuwan bayan ƙaramar salla, na aika wa Alhaji sharuɗɗa uku a rubuce: Baba ne zai ja, a gyara ƙofar gefe, ba albasa. Ya amsa biyu na farko.