Takalmin hawan dutse da jaket marasa fatar dabba: yadda suka yi mini a duwatsun Shere

Jaket ɗin, ko gobe ta ɓata zan sake sayen irinta. Takalmin kuwa sai na yi shawara tukuna. A shago ɗaya na saye su a Abuja, kowanne da 'yar takarda rataye a jikinsa an rubuta "vegan", wato babu fata, babu ulu, babu gashin tsuntsu, har gam ɗin da aka manne tafin takalmin da shi ba a haɗa shi da ƙashi ko fatar dabba ba. Sun sha hunturu, sun sha damina tare da ni, yawanci a duwatsun Shere da ke gefen garin Jos, inda muke fita da abokai ranar Asabar.

Kada wani ya ɗauka na daina cin nama. Tsire da balangu har yanzu muna shiri, layya ma ina yi idan Allah ya hore. Dalilina daban ne. Mu nan Jos a gwanjo muke samun takalman hawan dutse, ko a kasuwar Katako ko wajen masu baza kaya a Terminus, kuma akwai takalman waje da ake shimfiɗe cikinsu da fatar alade, saboda tana da laushi, tana shan gumi, ga arha. Ana gane ta da ƙananan huji da ke zaune uku-uku a jikinta. Ranar da wani a cikin tawagarmu ya nuna mana wannan, kowa sai da ya cire nasa yana leƙe. Mai gwanjo ba zai iya faɗa maka komai ba, shi ma dila ya kwance ya tarar. Da yake azahar kan riske mu a kan dutse, mutum ya yi alwala ya mayar da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin takalmi, sai na ga gara in nemi wanda ba zai bar ni da waswasi ba. Ta wannan fuskar kam, takardar nan ta biya mini bukata.

Saman takalmin saƙar nailan ce da fatar roba wadda aka shafe da sinadarin foliyuriten. A ciki akwai wani siririn shafi mai hana ruwa shiga, ƙasan kuma roba ce mai manyan haƙora. Abin da ya fara burge ni rashin nauyi. Na biyu, bai cije ni ba. Duk wanda ya taɓa sa sabon but na fata ya san sai an yi makonni ana fama da bororo a dunduniya kafin ya saki jiki. Wannan tun ranar farko na hau dutse da shi lafiya lau. Sai dai akwai sharaɗi: fata tana buɗewa ta bi siffar ƙafa, wannan kuwa yadda ka saye shi haka zai zauna har ya mutu. Mu da muka tashi da silifa ƙafarmu faɗi gare ta, don haka a ƙara lamba ɗaya a kan wadda aka saba, a kuma gwada shi da yamma da safa mai kauri, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta kai mita 1,829, hanyar kuwa falalen dutse ce da ciyawa da tsakuwa. Idan dutse a bushe yake, takalmin yana kama shi sosai, ko a gangara ban ji ƙafata tana zamewa ba. A watan Agusta, da gansakuka ta lulluɓe duwatsu, santsi ya kwashe ni kamar yadda yake kwasar kowa, ban ga laifin takalmi a nan ba. Raɓar safe da ƙananan rafuka ba su taɓa jiƙa mini safa ba a daminar farko. Idan ruwa ya shiga ta sama kuwa, a cire shimfiɗar ciki, a cusa masa tsohuwar jarida, kafin gari ya waye ya bushe. Na fata sai ya kwana biyu ko uku, ya bushe a ƙandare, sannan a bi shi da mai. Da hunturu ma babu ruwan wannan da tsagewa, ƙura ce kawai a kaɗe.

Zafi ne ba sa jituwa da shi. Da zarar an gangara Hawan Kibo aka doshi Akwanga, ƙafa sai ta fara dahuwa a ciki. Shafin da ke hana ruwa shiga ba ya barin gumi ya fita da sauri, ga safar roba da na haɗa da shi maimakon ta ulu. Warin da ke biyo baya, uwargida ta yanke hukunci takalmin a baranda zai riƙa kwana, kuma ban ɗaukaka ƙara ba.

Babbar matsalar ta bayyana ne bayan ya ɗan kwana biyu. Inda yatsu ke lanƙwasawa sai fatar robar ta fara tsattsagewa tana ɓarewa, ruwa ya samu hanya, daga baya bakin tafin ya ɗaga. Halin foliyuriten ke nan, laima da zafi suna cinye shi sannu a hankali, ko ana sawa ko an ajiye a kwali. Na kai wa wani dattijo mai gyaran takalmi da na daɗe ina hulɗa da shi. Ya juya shi, ya latsa da babban yatsa, ya ce, "Yallaɓai, wannan ba ya karɓar allura. In na ɗinka nan, can zai yage." Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Ya ce gam zai sa, amma kada in riƙe shi da alkawari. Ya manne, ya riƙe na ɗan lokaci, ya sake buɗewa. Tsohon but ɗina na fata, wannan dattijon ya sha sauya masa tafi, ya ɗinke nan ya toshe can, har yau ƙanena yana zuwa gona da shi. Wannan kuwa da ya fi na gwanjo tsada nesa ba kusa ba, ƙarshensa bola.

Jaket ɗin labarinta daban. Masu hawan dutse a ƙasashen sanyi sun fi son wadda aka cusa wa lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya, domin babu abin da ya kai shi ɗumi a kan ɗan nauyi. Aibinsa, da ruwa ya taɓa shi sai ya dunƙule ya daina aiki. Tawa da zaren foliyesta aka cusa ta, irin dabarar da aka ƙirƙiro wa sojojin Amurka a shekarun 1980 don su samu abin da zai riƙe ɗumi ko ya jiƙe. Sanyin Jos a Disamba da Janairu yakan sauko kusan digiri 10 da asuba, a kan dutse kuma iska na ƙara masa kaifi, amma bai kai a ce sai gashin agwagwa ba. Da damina kuwa, inda hazo da yayyafi ke jiƙa mutum bai ankara ba, ta fi ta gashi amfani. Ina wanke ta da hannu a bokiti in shanya, ba ta taɓa canja siffa ba. Ta fi ta gashi cika jaka, zif ɗin aljihu ɗaya kuma yana cijewa. Iyakar ƙorafina ke nan. Yanzu har sallar asuba da ita nake fita.

A kan gashin tsuntsun nan ne na fi yarda da masu ra'ayin "vegan", wato waɗanda ba sa cin nama, ba sa kuma amfani da duk abin da ya fito daga dabba. An sha fallasa gonakin da ake fige dinya da ranta, a bar ta gashi ya sake tsirowa a sake figewa, abin da ya sa har aka fito da takardun shaida na gashin da aka samo ba ta wannan hanya ba. Ulu ma akwai magana. A Ostareliya ana yanke fatar da ke kewaye da wutsiyar 'yan tumakin Merino don gudun tsutsar ƙuda, al'adar da Niyu Zilan ta haramta a 2018. Musulmin da ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ya san an umarce mu mu wasa wuƙa mu hutar da abin yanka, ba ya bukatar Bature ya koya masa cewa wannan zalunci ne. Mu ma ba mu tsira ba. Fataucin fatar jaki zuwa Sin ya rage mana jakuna a karkara, har sai da Tarayyar Afirka ta hana yanka jaki don fatarsa a Fabrairun 2024.

Inda muka rabu da su shi ne batun fata gaba ɗayanta. An kafa ƙungiyarsu ta farko a Ingila a 1944, kuma a wurinsu duk amfanin da ɗan Adam zai yi da dabba cin zali ne. Ni ban ga haka ba. Ragon layya an yanka shi don ibada da nama, fatar kuwa ko a jeme ta, ko a babbake a ci ganda, ko ta ruɓe. Majemin da ya jiƙa ta da bagaruwa, da badukun Naraguta da ya ɗinka ta jaka ko takalmi, wace dabba suka zalunta? Jar akuyar Sakkwato ce ta ba duniya fatar da Turawa suka riƙa kira ta Maroko, don kawai ta can ayari ke bi da ita bayan ya ƙetare Sahara. Abin da aka ba ni a madadinta daga man fetur aka yi shi, ba ya ruɓewa, kuma duk wanda ya ga yadda leda da tsofaffin silifa ke toshe magudanan ruwa a garin nan ya san inda zai ƙare. Jaket ɗin da nake yabo ma, duk wanki sai ta zubar da ƙananan zaruruwan roba da ido ba ya gani, su bi kwata su shiga rafi. Akuyar da ke cin leda a bola ita ma dabba ce.

Ba ina nufin fatar kanti tsarkakakka ce ba. Yawancin fatar da ake takalmi da ita a duniya da sinadarin kuromiyam ake jeme ta, ba da bagaruwa ba, kuma mutanen da ke zaune kusa da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano sun daɗe suna kuka da ruwan da ke fitowa daga can. Sannan fatar da aka shigo da ita daga waje, wa ya san yadda aka kashe dabbar? Wanda ya karanta Risala zai tuna an ce babu laifi a yi amfani da fatar mushe idan an jeme ta, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Saboda haka mai son ya huta da waɗannan tambayoyi yana da hujjar sayen na roba. Ana ta ƙoƙarin yin fata daga ganyen abarba a Filifins da kuma wani tsiro mai ƙaya a Meziko, amma su ma sai an shafe su da roba kafin su yi ƙwari, kuma ban taɓa cin karo da su a kasuwanninmu ba.

Wanda zai fita dutse jefi-jefi, ko yake tafiyar damina, ko fatar alade ce damuwarsa, takalmin zai yi masa, in dai ya san ba na gado ya saya ba. Ya nemi wanda saƙar nailan ta fi yawa a jikinsa, domin a nawa ɓangaren saƙar har yanzu garau yake, fatar robar ce ta gaza. Ya duba a ce roba ta zagaye bakin yatsu, kada ya shanya shi a tsakar rana, kada kuma ya kulle shi a leda da laima a jikinsa. Wanda kullum ƙafarsa na kan dutse, mafarauci ne ko makiyayi ko mai kai baƙi yawon buɗe ido, kuɗinsa zai fi yi masa auki a takalmin da mai gyara zai iya ɗinkewa.