Wata takwas ina amfani da ƴar na'urar duba mota ELM327, ga yadda muka ƙare da ita

Motata Corolla ce ƴar 2006, ƴar Amurka, kuma duk mai irinta ya san fitilar nan ruwan ɗorawa mai zanen inji da ke kamawa a dashbod, wadda muke ce wa cek injin. Tawa ta kama ne wata safiya cikin hunturu ina hanyar Zariya, na ɗan wuce Kwanar Dangora kenan. Mota na tafiya lafiya ƙalau, ba tari ba jijjiga, amma wlh hankalina bai kwanta ba har na isa. Da na dawo Kano na kai ta wajen wani mai kwamfuta, ya jona na'urarsa ya danne-danna, fitila ta mutu, ya ce Alhaji an gama, na biya. Kwana uku ta dawo. Na koma ya sake kashewa na sake biya, a karo na uku ne na ce masa wai ni kam me ta ce ne, sai ya ce ai haka motocin Amurka suke, tsirfa ce kawai. Rewaya na kuma cewa ya yi in kawo ya cire min ƙwan fitilar gaba ɗaya in huta. Toh a nan na ce bari in nemi tawa.

Abar ƙarama ce, shuɗiya, kamar kwalin ashana, kuɗinta bai kai na rabin tankin mai ba. Akwai wani soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari ta wajen gwiwarka, nan ake cusa ta, shi ne OBD2 ɗin da kuke ji. Duk ƙaramar motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai kuma masu fetur daga 2001, masu gas, wato dizal, daga 2004. Ka murɗa makulli dashbod ya kawo wuta, ka buɗe bulutut a waya, in ta nemi lamba yawanci 1234 ce, sai ka shiga manhaja, ni Torque na fara da ita daga baya na koma Car Scanner don ta fi min sauƙin gani. Masu iPhone ku kula, irin tawa mai tsohon bulutut ba ta haɗuwa da wayarku, sai dai mai WiFi ko wadda aka rubuta tana yi da iPhone.

Minti biyu ba a yi ba ta fito min da P0171. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Kaga kenan duk zuwan da nake yi wajen mutumin nan sharewa kawai yake, kamar mai zazzaɓi ne a ba shi farasitamol a ce ya tafi gida, cutar tana nan, kwamfutar motar in ta sake gwadawa ta ga abin bai canza ba dole ta sake kunna fitila. Abin da ya fi burge ni ba lambar ba ce ma, shafin da ke nuna abin da injin ke yi a daidai lokacin ne. Akwai wani lissafi na yawan man da kwamfuta ke ƙarawa don ta cike giɓi, a mota lafiyayya kusa da sifili yake yawo, ƙasa da 10 dai, tawa in tana silo da sassafe sai in ga ya haura 20, ina taka totur ya sauko. Wannan alama ce ta iska na shiga ta wata kafa da ba a auna ta ba. Na kai wa bakanikena, dattijo ne da ya fi yarda da kunnensa a kan kowace na'ura, ya kalli wayar ya ce yaro kai da wayarka, amma dai ya kwance. Gasket ɗin manifol ne, wato robar da ke toshe mahaɗar bututun shigar iska da inji, ya bushe ya ƙanƙance, wanda ashe sananniyar lalura ce a Corolla ta 2003 zuwa 2008 musamman lokacin sanyi. Muka canza, muka wanke sensan iska da ƙurar hunturu ta toshe, na share lambar da hannuna. Wannan lambar ba ta sake dawowa ba.

Wata lambar ta zo dai bayan sati biyu, P0420, ita kuma ta indomin salansa ce, wato abin nan da ke tace hayaƙi a cikin salansa. Aka leƙa aka ga wayam, tun kafin motar ta zo hannuna wani ya kwashe. Wannan na'ura ba za ta dawo maka da indomi ba, ko ka share sau ɗari za ta dawo, ni na haƙura da ita haka nan sai Allah ya hore. Amfanin dai yanzu duk sati ina jonawa in tabbatar ita kaɗai ce, ba wata sabuwa ta laɓe a bayanta ba.

Yanzu aibunta, don tana da su. Na farko injin kawai take karantawa a motata, fitilar ABS da ta iyabag ba ruwanta da su, waɗannan sai babbar na'ura irin Launch ko Autel da ke hannun masu sana'ar. Sannan kusan duk na kasuwa kwaikwayo ne na China, asalin ELM327 wani kamfani ne a Kanada ya yi, kuma abin dariya wadda aka rubuta wa v2.1 sau da yawa ta fi mai v1.5 rashin kirki, ƙanina ya sayi 2.1 ta ƙi magana da motarsa sam, tawa 1.5 ta yi. Wani lokaci tana yankewa ana cikin tafiya sai ka zare ka mayar. Kar ka bar ta a jone in za ka ajiye mota kwanaki, soket ɗin akwai wuta a jikinsa ko an zare makulli, ni ta taɓa shanye min batir da na yi tafiyar sati biyu. Kuma komai da turanci yake fitowa, turancin ma na injiniyoyi.

Abu ɗaya da mutane ke rikitawa, fitilar MAINT REQD ba matsala ba ce, tunin canza baƙin mai ne kawai duk mil 5,000, ba ta buƙatar na'ura. A tawa sai in sa mita a kan ODO, in kashe makulli, in danne ɗan maɓallin mitar in riƙe, in murɗa makulli ba tare da na tayar ba har layukan su ƙare su koma sifili. Sababbin da suka biyo baya a Trip A ake sawa. Har wannan ma ana karɓar kuɗin mutane a kai. Amma jar fitilar nan mai kama da buta ta baƙin mai, ko cek injin tana ƙiftawa ba tsaye ba, wannan ka faka kawai, ba maganar sharewa ba ce.

Inda ta biya kuɗinta ninki ba ninki shi ne ranar da abokina ya ja ni rakiya sayen Honda. Dashbod fes ba fitila ko ɗaya, dillali sai rantsuwa yake. Na ce malam ka yi haƙuri zan ɗan jona abu. Babu lamba ko ɗaya kam, sai dai gwaje-gwajen da kwamfutar mota ke yi wa kanta duk sun nuna ba a kammala ba, kuma tafiyar da ta yi tun sharewar ƙarshe kilomita 4 kacal. Wato da safen nan aka share, ko aka cire kan batir. Muka ce a ba mu mu zaga da ita har Na'ibawa mu dawo, dillali ya ce ai mai motar ya hana a yi nisa da ita. Muka yi masa sallama.