Alaimen ko sabbin tayoyi: wanne ke gyara akori-kurar da ke ja gefe ɗaya?

Ɗan'uwa, tsakanin alaimen, wato saita kusurwar ƙafafun mota, da sabbin tayoyin gaba, ni dai ta taya zan ce ka fara. Amma kada ka sa hannu a aljihu tukuna, akwai gwajin da za ka yi kyauta.

Da safe, kafin motar ta yi tafiya tayoyi su ɗauki zafi, ka auna iskar kowacce. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Wanda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba shi ake bi ba. Mota tana bin ɓangaren da iskarsa ta yi ƙasa, kuma ɗan bambanci kaɗan ya isa ka ji shi a sitiyari. Idan iska ta daidaita amma tana nan tana ja, sai a ɗaga gaban da jak, a mayar da tayar dama hagu, ta hagu dama. Ka dai duba gefen tayar, idan akwai kibiya mai nuna inda take juyawa, irin wannan ba a sauya mata gefe.

Tawa akori-kurar haka ta yi mini, dama take ja, har kafaɗata ta fara ciwo saboda riƙon sitiyari a doguwar tafiya. Da aka sauya tayoyin gaba sai ta koma jan hagu. Nan magana ta ƙare, domin kusurwar ƙafa ba ta bin taya zuwa ɗaya gefen. Wayoyin cikin taya ɗaya ne suka karkace, a ido kuwa lafiyarta lau, zanenta ma bai cinye ba. Na sa sabbi guda biyu, kamfani ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya. Tun daga ranar da yatsa biyu nake riƙe sitiyari a miƙaƙƙen titi, ko da lodi ko babu. Ban taɓa jin daɗin kuɗin da na kashe wa motar nan kamar wannan ba.

Alaimen kuwa, to, yana da ranarsa. Idan ka faɗa rami da ƙarfi, ko an canza maka tairod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa, ko ka ga taya tana cinyewa ta baki ɗaya, babu makawa sai an yi shi. Matsalar ita ce masu alaimen da yawa tairod kaɗai suke murɗawa, sitiyari ya dawo tsakiya, su ce an gama. Wannan yana hana cin taya, amma ba kasafai yake hana ja ba. Abin da ke jawo ja shi ne bambanci tsakanin dama da hagu a kamba, wato jinginar taya ciki ko waje, da kasta, wato kwanciyar ƙafar gaba ko baya. Kuma idan boljoyin ko bushin, wato mahaɗan da ke riƙe ƙafa, ya mutu, alaimen zuba ruwa a kwando ne, kana fita saitin zai gudu.

Akwai abu biyu da duka zaɓin naka ba za su taɓa ba. Idan sai ka taka birki take fizga, ko bayan tafiya ka ji ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi da ƙauri, birki ne ya kama, a duba kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, da tiyon man birki. Kada ka taɓa da hannu, kusantar da tafinka kawai. Na biyun ya fi samun masu ɗaukar kaya fiye da kima: ƙusar tsakiyar sifirin na baya takan karye, gadar baya ta goce, motar ta riƙa tafiya a kaikaice. Ka sa tef ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a kowane gefe. Idan awon bai zo ɗaya ba, ciwon yana baya. Ka kuma yi gwajin a fili mai shimfiɗa, tunda titi da gangan ake karkata shi don ruwa ya gangare, kowace mota takan ɗan bi shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da taya. Wasu sukan ɗauki tsohuwa su sake yanka mata zane, su shafe ta da baƙi tana ƙyalli. Ka nemi rubutun DOT a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan wurin ya yi alamar gogewa ko an sake buga lambar, ka ajiye musu kayansu. Mai alaimen kuma da ya ce sai an canza shokozoba da tairod tun bai ɗaga motar ya girgiza ƙafa a gabanka ba, ka ja motarka.

Ka auna iska, ka sauya tayoyin. Idan bayan sauyin jan ya koma ɗaya gefen ko ya ɓace, sayi biyu na gaba tare, kada ka sayi ɗaya. Idan bai motsa ba, sai a duba birki da ƙafafu, sannan ka je alaimen na kwamfuta, ka ce su ba ka takardar awon kafin gyara da ta bayan gyara.