Bakaniken da ya hana ni sauke injin Celica, ya kuma riƙe mani mota kwana tara

Motata Toyota Celica ce ƙirar 1996, mai ƙofa biyu, kuma duk wanda ya san ni a Katsina ya san ba na haɗa ta da komai. To tun shigowar hunturu ta fara ba ni kunya. Da safe ina murza ki sai ta bulbulo da wani hayaƙi shuɗi-shuɗi ta salansa, ya turnuƙe ƙofar gida da ƙaurin baƙin mai. Kafin minti ɗaya ya ɗauke ɗif, ta wuni lafiya lau. Har maƙwabcina ya samu abin tsokana, kullum sai ya leƙo ya ce, "Malam, yau ma maganin sauro ake yi muna kyauta?"

Gareji biyu na fara zuwa, duka da rana tsaka, inji ya riga ya yi zafi, babu hayaƙin da za a gani. Na farko ko sunkuyawa bai yi ba ya ce ringin fistin sun mutu, sai an sauke inji. Na biyu ya ce in daina wahalar da kaina in sayi injin Baljiyam, kafin nan ya ɗura mani mai mai kauri 20W-50 da gwangwanin tiritmen. Kuɗina suka tafi, hayaƙi yana nan.

Wani abokin aiki ne ya tura ni wurin wani dattijo can wajen Ƙofar Ƙaura. Garejin ba abin kallo ba ne, rumfar kwano ce da benci. Bai buɗe bonet ba. Ya tambaye ni launin hayaƙin, da lokacin da yake fitowa, da ko ruwan lagireto na raguwa. Na ce ruwa ba ya raguwa, baƙin mai ne nake ƙarawa lokaci-lokaci. Sai ya ce, "Alhaji, bar ta ta kwana nan, ka dawo bayan sallar asuba. Mara lafiyar da ciwonshi na safe ne ba a duba shi da azahar." Raina bai so ba, amma na bar ta.

Abin da ya faru da asubar nan shi ya sa nake wannan rubutu. Na hau acaɓa cikin sanyi na iske shi har ya shimfiɗa buzu yana lazimi. Da ya gama, bai fara da tawa ba, wata Golf ya sa yaronsa ya tayar. Ta fitar da fari, ya watse nan take. Ya ce wannan tururi ne kawai, kamar yadda bakin mutum ke yi da sanyi. Farin da ake tsoro shi ne mai kauri da ba ya ɗaukewa, mai ɗan ƙanshin zaƙi, wannan ruwa ne ke shiga silinda, gaskit ya ƙone ke nan. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Sannan aka tayar da tawa, ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina, ya nuna mani maiƙo.

Bai tsaya nan ba. Ya bar ta a silo wajen minti 15, ya taka totur sau ɗaya, hayaƙi ya yi tsalle ya ɗauke. Muka hau hanyar Daura, yaronsa na biye da mu a babur, ya ce in taka ta sosai. Babu komai a baya. Ya ce in ringi ne, a nan za ta tona kanta, don lokacin da inji ke jan nauyi ne suke barin mai ya wuce. Da muka dawo ya kwance fulogi ya ɗaura agogon awon matsi a silinda huɗun ɗaya bayan ɗaya. Duka sun haura 165 a ma'aunin matsi na psi, ba su yi nisa da juna ba, alhali mafi ƙarancin da Toyota ta yarda da shi a wannan inji 142 ne.

Ashe 'yan robobin da ke wuyan bawul ne, guda 16, waɗanda ke hana man da ke saman inji gangarowa. Kusan shekara 30 suna shan zafi, sun bushe. In mota ta kwana, mai ya riƙa tsiyaya ta jikin bawul yana taruwa, da safe inji ya ƙone shi a tashi ɗaya. Da ya ciro ɗaya daga baya ya murza mani a hannu, marmashewa ta yi kamar ƙuli-ƙuli. Ya ƙara kwantar mani da hankali cewa injin 5S-FE ne mai lita 2.2, irin na tsohuwar Camry, kayansa ba wuyar samu. Ko kan injin bai cire ba, igiya ya cusa ta ramin fulogi ya ɗago fistin ta tokare bawul don kada su faɗa ciki. Abin da na biya duka bai kai rubu'in abin da na farko ya yanka mani ba. Ranar nan har gida na riƙa ba da labarin Baba.

To amma fa. Kwana uku ya ce, sai da mota ta yi tara. Kwana biyu na yafe, don robobin da aka fara kawowa ya ce jabu ne ya mayar, ya aika Kano aka kawo wasu, wannan kam na yaba. Sauran kwanakin fa? Yau ya tafi ɗaurin aure, gobe waya a kashe, jibi in je in tarar ya kwance motar wani, tawa na gefe an rufe ta da buhu. In na yi magana ya ce, "Haƙuri, Alhaji, gaggawa ba ta gyara inji." Ni kuwa kuɗin acaɓa na ta cin aljihuna.

Ranar da na karɓa, kujerar direba duk shatin hannu na baƙin mai, sitiyari na danƙo. Fetur rabin tanki na bari, na tarar fitila ta kama. Da na tambaya, yaran suka ce gwaji ne. Wane irin gwaji, zuwa Jibiya?

Wanda ya fi ƙona mani rai bayan mako biyu ya fito. Na fara jin ƙaurin mai a cikin mota, gabana ya faɗi na ce ciwo ya dawo. Ashe tsohon gaskit na murfin inji aka mayar aka shafe da gam, mai na ɗiga kan wuyan salansa. Abin da bai taka kara ya karya ba, da an ce in saya ai da na saya. Ya canza bai karɓi kuɗin aiki ba, amma ko a bakinsa bai ce an yi kuskure ba. A nan ne ma yake gaya mani taimin bel, wato bel ɗin da ke juya kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ya fara tsagewa. Baba, kai da ka sassauta shi da hannunka ranar da ka cire kamshaf, me ya hana ka faɗa tun lokacin? Yanzu sai na sake biyan kuɗin kwancewa.

Hayaƙi dai ya tafi, mako shida ke nan, ko a safiyar da ta fi sanyi. Mai a jikin sandar awo na nan inda aka bar shi, maƙwabcina ya rasa abin faɗa. Ranar Asabar zan koma a canza bel ɗin, don duk garin nan ban ga wanda zan ba injin nan ba in ba shi ba. Sai dai fetur na lita biyar zan zuba, na sayi ledar rufe kujera, kuma a kan bencin nan zan wuni har a gama.